Kumfa a Kwanon Maɓallai

"Ba wannan ba," in ji Mai Aski. "Roba ce. Kumfa ba ta tsayawa a roba."

Gwaggo, matarsa, ta ɗauke kwanon robar daga kan bargo ta ɗora na silba a gurbinsa. Na huɗu ke nan. Da yake hannun tsohon ya daina ɗaguwa, ita ce take kama yatsansa ta zagaya masa da shi cikin kowane kwano, shi kuma ya lumshe ido yana yanke hukunci.

"Wannan kafin ka juya ya huce. Ni ban taɓa shafa wa mutum kumfa mai sanyi ba, ba kuma a kaina za a fara ba."

"To ni dai kwanukan gidan nan sun ƙare," in ji ta. "Sai dai in kawo maka tukunya."

Tela yana tsaye a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, tef ɗin awo rataye a wuyansa. Ƙaton mutum ne, ya kusa cika ƙofar, amma duk gidan hayar nan an san cewa in aka ce wane ba lafiya, Tela sai ya canza hanya. Shekara goma sha tara bango ɗaya ne tsakanin ɗakin ɗinkinsa da ɗakin kwanan Mai Aski. Mako uku ke nan da asibiti suka sallamo tsohon, suka ce a je gida a ci gaba da kula da shi, kowa kuma ya gane abin da suke nufi. A makonni ukun nan Tela bai taka ɗakin ba ko sau ɗaya. Daga tsakar gida yake ɗaga murya ya ce ya jiki, ya wuce abinsa. In tari ya taso ta bango, sai ya ƙara taka keke don ƙarar ta rufe. Yana jin kunyar abin, amma tsoron ya fi kunyar ƙarfi.

Yau da hantsi Gwaggo ta same shi har kan keke, ba ta kuwa tsaya kewaye-kewaye ba. Ta ce Autarsu tana hanya, shekara uku rabonta da gida, motarsu za ta iso wajen ƙarfe ɗaya. Tun da aka haifi yarinyar ba ta taɓa ganin ubanta da gashi a fuska ba, ya kuma rantse ba yau za ta fara gani ba. Waɗanda ya koya wa aiki duk sun koma inji, shi kuwa ya ce inji ba zai taɓa masa fuska ba. Ita kuma Gwaggo idonta ba ya gani sosai. Saboda haka ya ce a kira masa Tela.

"Ni? Gwaggo, ni ko tawa fuskar a shago ake yi min."

"Ya ce mutumin da ya shekara talatin yana farke ɗinki da reza bai taɓa yanka yadin kowa ba, shi yake so."

Sai da suka kai bakin ƙofa ta tuna da sauran maganar. Ta rage murya ta ce likita ya ce maganin da yake sha yana tsinka jini, ko ƙwarzane ya samu ba lallai ba ne ya tsaya, don haka sai ya bi a hankali.

"Shigo mana, maƙwabci," in ji tsohon daga kan gado. "Ba na cizo. Haƙoran ma ga su can cikin kofi."

Tela ya shiga. Ɗakin yana warin magani da man zafi. An rufe taga da labule mai kauri, an jingina tsohon madubin shago a bango, fuskarsa tana kallon bangon. Mai Aski kuwa, mutumin da kullum fuskarsa take sheƙi, wanda ko shara zai zubar sai ya taje kai, yanzu furfura ta rufe masa kumatu har wuya, idanun sun faɗa ciki. Tela ya dube shi sau ɗaya ya mayar da idonsa kan kwanukan.

"Baba, ina naka kwanon na da?"

"Ya riga ni," in ji tsohon. "Ranar da hannun nan ya mutu yana riƙe da shi, ya faɗi ya fashe." Ya tsaya ya ja numfashi, ana jin sa yana shiga da ƙyar. "Je ka ɗauko min kwanon maɓallanka."

"Na maɓallai?"

"Mai ruwan ƙasa, na kan tagarka. Tangaran ne mai kauri, in ya ɗauki zafi ba ya saki da wuri. Gindinsa da kaushi, shi ke tayar da kumfa. Bakinsa da faɗi, burushi zai samu wurin yawo. Shekara goma ina kallonsa ta taga ina cewa an yi asarar kwano."

Gwaggo ta yi tsaki. "Ashe duk wahalar da ni kake yi, kana da wanda kake so."

"Ina so in ba naki haƙƙinsu ne."

Tela ya fita da sauri fiye da yadda ya kamata. A ɗakinsa ya juye maɓallan kan teburin yanka, wasu suka gangara ƙarƙashin keke, bai bi su ba. Ya zauna da kwanon a cinya. Ƙofarsa ta waje a buɗe take, ga titi nan, ga mai lemo yana tura baro, ga mota tana ɗaukar fasinja a kwana. Zif ɗinsa ya kusa ƙarewa, zai iya cewa ya tafi saye. Ya san wannan hanyar sarai, don ya taɓa bin ta. Ranar da aka aiko masa cewa jikin mahaifinsa ya tsananta, sai da ya zauna ya kalmashe ƙafar wando uku waɗanda ba wanda ke jiran su, sannan ya tashi. Ya isa an riga an rufe fuskar. Dangi suka yi ta ba shi haƙuri a kan nisan hanya, shi kaɗai ya san hanyar ba ta da laifi.

Aka buga bango sau uku da cokali. Gwaggo ce, haka take kiransa in wasiƙarsa ta faɗa hannunsu. Ya goge gumin goshinsa da tef ɗin wuyansa, wanda ba ya shan gumi, ya tashi.

Ya tarar ta kawo butar ruwan zafi da tawul biyu, ta ɗora jakar aikin tsohon kan kujera a buɗe. Akwai aska mai ƙotar ƙashi, da fatar wasa ta, da burushi wanda gashinsa ya lanƙwashe gefe guda, da dunƙulen sabulu da ya rame a tsakiya, da guntun alif na tsayar da jini. Tela ya ga alif ɗin, ya kawar da kai.

Tsohon ya shiga ba da umarni, kalma biyu ya huta, kalma uku ya huta. A wanke kwanon. A zuba masa ruwan zafi a bar shi ya sha, sannan a zubar. A ɗauko na silbar nan da aka raina, a cika rabinsa da ruwan zafi, a zaunar da na tangaran a ciki.

"Ka ga kowa da amfaninsa. Shi zai riƙe ruwa, wannan ya riƙe kumfa. Har ka gama ba za ta huce ba."

Tela ya jiƙa burushi, ya yarfe, ya murza shi a kan sabulu, ya shiga kaɗawa cikin kwanon. Ƙotar burushin tana bugun tangaran, ƙwas ƙwas ƙwas.

"Ba ƙwai kake kaɗawa ba. Sassauta. Ɗiga ruwa, ɗigo uku. Nuna min." Tela ya karkato kwanon. "Da sauranta. Kana ganin idanu a ciki? Kumfa mai ido ruwa ce kawai. Ci gaba har ta yi laushi ta tsaya da kanta."

Can kuwa ta tsaya, fara tas, ta yi tsini a bakin burushin ba ta zube ba. Ƙamshin sabulun ya cika ɗakin ya danne warin magani. Tsohon ya shaƙa, gefen bakinsa ya ɗan motsa.

"Na faɗa maka asarar kwano aka yi."

Wayar Gwaggo ta yi ƙara. Auta ce, ta ce sun sauka a tasha, tana neman abin hawa. Gwaggo ta dubi mijinta, ta dubi askar, ta ce ita ba za ta iya kallo ba, za ta jira yarinyar a ƙofar gida. Tela ya buɗe baki zai ce ta zauna, ƙofa ta riga ta rufe.

Ya ɗora tawul mai ɗumi a fuskar, ya ɗauke, ya shafa kumfa daga kunne zuwa kunne. Da ya kai ƙarƙashin hanci, numfashin tsohon ya huda ƙananan ramuka biyu a cikin kumfar, yana kuma taɓa bayan yatsun Tela, ɗumi-ɗumi. Ya buɗe askar. Bai taɓa sanin abu marar nauyi haka zai iya yi wa hannu nauyi ba.

"Kwantar da ita, kamar za ka shafa. Ja fatar da yatsa biyu. Bi inda gashin ya kwanta. Leɓen sama a ƙarshe, gashinsa ya fi taurin kai, bar shi ya jiƙa."

Jan farko, Tela ya rufe ido ɗaya. Askar ta yi wani siririn sauti ta sauka daga saje zuwa muƙamuƙi, ta bar hanya mai tsabta a bayanta. Ya sunkuya ya duba. Babu ja. Ya goge bakin askar a tawul ɗin kafaɗarsa ya sake. Fatar ta yi laushi ƙwarai, tana bin yatsa duk inda aka ja ta, irin yadin da in ka yi kuskure sau ɗaya ba ya gyaruwa. Ya gama kuncin dama rigarsa ta manne a bayansa. Ya gama na hagu, ya zagaye haɓa da ƙananan ja, yana addu'a a zuci, kalmomin suna cakuɗewa.

"Ba laifi," in ji tsohon. Muryar ta yi ƙasa sosai, sai da Tela ya kawo kunne. "Saura wuya. Saurara. In aska ta sauka wuya, zan yi shiru. Ba motsi, ba haɗiyar yawu. Kada ka tambaye ni komai, kada ka tsaya. Shekara arba'in ina roƙon mutane su yi min haka, ba wanda ya iya. Yau zan nuna maka yadda ake yi."

"To, Baba."

"Ƙarfe nawa?"

"Ɗaya saura kwata."

"Za mu riga ta."

Tsohon ya rufe ido. Tela ya naɗe tawul ya tura ƙarƙashin ƙeyarsa, haɓar ta ɗaga. Ya sake ɗibo kumfa, har yanzu da ɗuminta kamar yadda aka yi masa alkawari. A ƙasan kunnen hagu akwai wata jijiya da take bugawa a hankali ƙarƙashin fata. Ya gan ta sau ɗaya, ya rufe ta da kumfa, ya ƙudurta ba zai ƙara kallon wajen ba sai dole.

Wuya ya fi ko'ina wahala. Gashin ya kwanta ta ko'ina, fatar ta yi ninki-ninki, ga maƙogwaro a tsaye a tsakiya. Tela ya tallafe haɓar da hannun hagu, ya bi da ɗan ja kaɗan-kaɗan. Shirun ɗakin ya yi masa yawa, sai ya kama magana don kada ya ji bugun zuciyarsa.

"Ka yi shirunka, Baba, ni zan yi surutun. Ai kai ma haka kake mana a shago." Ya goge aska. "Ka ga ban shigo ba kwanakin nan. Ba aiki ba ne ya riƙe ni, ƙarya nake yi wa Gwaggo. Tsoro nake ji. Ina jin tarinka ta bango, sai in ƙara taka keke. Ka yafe min." Ya ja fatar gefe, ya zagaye maƙogwaron, askar ta wuce lafiya. "Wallahi ka iya. Ko gezau. Da haka masu awo suke tsaya min, da ban taɓa ɓata wuyan riga ba."

Ya yi ɓangaren dama, ya dawo na hagu, ya bi ta kan wajen jijiyar nan da sauri-sauri ba tare da ya tsaya dubawa ba. Da ya ɗaga askar daga ja na ƙarshe, ya duba wuyan daga kunne zuwa kunne. Babu ko ɗigo. Wani daɗi ya taso masa har ya kusa dariya.

"Mun tsallake, Baba. Ka haɗiye yawunka. Saura leɓe."

Kumfar leɓen ta bushe. Ya tsoma burushi a kwanon ya shafa sabuwa, mai kauri, daga gefen baki zuwa gefen baki. Ya ɗaga hancin da babban yatsa, ya kawo aska. Sai ya tsaya.

Kumfar tana nan sumul yadda ya shafa ta. Babu ramukan nan biyu. Bayan yatsunsa yana dab da hancin, ba abin da yake taɓa shi.

"Baba."

Ya jira.

"Baba, an gama wuyan. Ka daina."

Abu na farko da ya zo wa Tela a rai shi ne, shi ya yanke shi. Ya ajiye askar, ya juya kan tsohon dama da hagu, ya ɗaga tawul, ya laluba bayan kunne, ya duba matashin kai, yana neman jinin da zai tabbatar masa. Babu. Ya ɗora yatsa biyu a inda jijiyar take, ya danna, ya matsa gaba, ya sake dannawa. Fatar da ɗumi, amma ɗumin kumfa ne da tawul. Bai san lokacin da ran ya fita ba. Ko yana zagaye maƙogwaro ne, ko yana neman gafara, ko yana yaba masa iya shiru. Ya yi ta magana da mutum, mutumin ba ya nan.

Bai san sanda ya kai ƙofa ba. Hannunsa yana kan mariƙi, ba abin da yake so a duniya irin ya ga kansa a titi. Ta tsakar gida ya jiyo muryar Gwaggo tana waya da ƙarfi, irin na wanda bai yarda da waya ba.

"Eh, layin mai kantin magani. Ki ce wa direban ya shigo, gida na uku. Ga ni a tsaye."

Ya waiwaya, ba don yana so ba. Tsohon yana kwance, haɓa a sama, kumatu da wuya tas, ga farin gashin baki na kumfa a tsakiyar fuskar kamar yaron da ya sha madara. Abin dariya ne, shi ya sa Tela ya ji kuka ya taso masa. Wannan ce fuskar da Auta za ta gani bayan shekara uku, ita za ta riƙe har ta tsufa.

Ya saki mariƙin. Taku huɗu ne zuwa gadon, ya yi su yana dafa kujera. Ya ɗauki askar. Yanzu ko ya yanka ba abin da zai faru, ya sani, amma bai taɓa yin taka-tsantsan irin na wannan lokacin ba. Ya ɗaga hancin. Ja ɗaya a dama. Ja ɗaya a hagu. Biyu ƙanana a tsakiya, inda fatar ta lotsa. A waje mota ta tsaya, aka buɗe ƙofarta aka rufe, Gwaggo ta saki wata ƙara ta murna.

Ya tsoma tawul a ruwan kwanon silba, ya matse, ya goge fuskar duka, har cikin kunne inda kumfa ta maƙale. Ya zare tawul ɗin ƙeya ya gyara kan a matashi, ya rufe bakin da ya ɗan buɗe, ya ja bargo zuwa ƙirji. Ya ninke askar. Ana jan akwati a simintin tsakar gida, tayoyinta suna ƙara, tana matsowa.

Auta ce ta fara shigowa, doguwa, da jaka a kafaɗa, tana haki. Ta ga mahaifinta ido a rufe, sai ta rage murya.

"Sannu, Kawu. Barci yake?"

Tela ya sunkuyar da kai. Gwaggo tana bayanta. Idonta ba ya gani sosai, amma ta dubi inda Tela yake tsaye, ƙato a jikin bango da tawul a kafaɗa, ta ji bai amsa ba. Ta kai hannu a hankali ta dafa ƙofa.

Auta ba ta lura ba. Ta sauke jakarta ba tare da ƙara ba, ta durƙusa a gefen gadon.

"Ji shi," ta ce da raɗa, tana murmushi. "Ana ce min ba shi da lafiya, shi yana nan yana gayu."

Ta ɗora tafin hannunta a kuncinsa. Sumul yake, da sauran ɗumi, yana ƙamshin sabulu. Ba wanda ya ce mata komai tukuna, ta bar hannun a wurin.